Yaya Rabi da matakai biyar

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rabi, Allah ya jiƙanta. Na so bana in yi mata addu'a in yi shiru kamar kowace shekara, sai wani abu ya same ni a Tasawa da ya hana ni.

Ga wanda bai san ta ba, konseye ce, wato mai zagaya makarantun ƙauye tana duba yadda malamai ke koyarwa. Ni kuma malami ne, a lokacin ina wata lakwal, wato makarantar boko, a gefen Gidan Amumune, ajina rumfar zana. Ranar da zagaye ya kawo ta wurina na yi mata kukan yaran da ke zama a bayan aji: ba su rubutu, malalata ne. Ta karɓi allin hannuna ta ce, "Issufu, je ka zauna cikinsu har a fita shan iska."

Na zauna a tabarma, raina a ɓace. Rana ta ratso zana ta faɗa kan allo, ban ga ko harafi ɗaya ba, sai fari fat. Wata uku ina yi wa yara faɗa kan rubutun da ba su gani. Ta tambaye su dabara. Suka ce a juya allon. Aka juya, sai na gaba suka daina gani. Aka ƙara zana, ajin ya yi duhu. Sai a gwaji na uku, da aka ɗaga allon aka karkata shi, aka dace. Ban gode mata ba. Na ce, "Yaya, kin kunyata ni gaban ɗalibaina." Ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo, kai baƙo ne a can baya." Ta hau moto, wato babur, ta tafi. Malamai da dama ba su son zuwanta saboda irin wannan, suna cewa tana ɓata musu lokaci.

Bana aka kira mu horo na kwana huɗu a Tasawa. Wasu matasa masu ladabi suka zo da wata hanya mai sunan Turanci da har yau harshena bai iya ba. Suka fassara ta da tunani irin na maƙeri, wanda yake duba hannun manomi kafin ya ƙera mishi hauya. Matakai biyar ne: ka saurari yaro, ka fayyace matsala, ku tara dabaru, ku yi samfuri, ku gwada. Muka yi ta manna ƙananan takardu masu launi a bango. Tun ranar farko abin ya zame mini kamar na ji muryar wani na gida cikin kasuwar da ban sani ba.

Na ba mai horar da mu labarin allon. Ta ji daɗi, ta ce shi ke nan, sai dai an tsallake mataki na biyu, kuma ba a rubuta komi ba. Shin abin da Yaya ta yi ne aka yi wa suna, ko wani abu ne dabam mai kama da shi? In shi ne, me ya sa ni da na fi kowa gunaguni da ita yanzu nike gaba wajen manna takardu? In ba shi ba ne, me ya rage? Ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga bangon nan. Wata rana in ga tana dariya. Wata rana in ga ta ɗauki kaye, littafin rubutunta, tana kwafe matakan, don ba ta raina ilimi ko daga bakin wa ya fito. Ban san wacce ce gaskiya ba, ni da muka sha nono ɗaya.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, ni aka zaɓa in koya wa malaman wajen Maijirgi, inda nike aiki yanzu. Na ce bari in fara gwadawa a ajina. Na tambayi yara abin da ke hana su ganewa. Wata yarinya, Sa'a, ta kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami, ta ce, "Mushe, in ka tambaya mun gane, tsoro muke ji mu ce a'a." Na duba takardar matakan. Wane samfuri ake yi wa wannan? Na ce mata na gode, na ci gaba da darasi. Sati mai zuwa zan tsaya gaban malamai, ban san ko matakan zan ba su ko maganar Sa'a ba.

Yaya ba ta bar littafi ba, ba ta bar wata hanya mai suna ba. Waɗanda suka yi aiki da ita ma ba su jitu kan abin da ta koya musu ba. Wani ya ce saurare, wata ta ce haƙuri, wani tsohon direktan makaranta ya ce shi bai ga ta koyar da komi ba, zama kawai take yi. Ni abin da na tabbata kaɗan ne. Kafin zuwanta ina iya cewa yaro malalaci ne in tafi gida in ci tuwo da daɗi. Tun daga ranar, kalmar in ta zo bakina sai ta tsaya. Ban san ko wannan gado ne ko hukunci ba, amma shekara tara ƙasa ba ta cinye shi ba. Allah ya haskaka kabarinki, Yaya.