Hannu Ɗaya a Aljihu

Tsohon nan mai gyaran rediyo a lungun Osaka yana ba Mitsue haushi. Tabarau ɗaure da waya, hannun hagu cuse a aljihu kamar mai jiran mota. Da tsinken cin shinkafarsa yake zungurar cikin tsohuwar amsa-kuwwar jitarta, yana dasa maɓallin daidaita wutar da ƙwayayen gilashin cikinta ke sha. Da ganinsa gwauro ne, wace ce za ta iya?

"Baba, gadon mahaifina ne fa! Ɗaya hannun hutu yake yi?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Wuta ta shiga hannun nan ta fita wancan, zuciya ce a tsakiya. Mu uku muka koyi aikin nan, 'yata. Biyun da hannu bibbiyu suke yi. Duk shekara ina kai musu fure."

Ya lashe tsinken, ya jawo shinkafarsa.