Dubagari a Gidan Surukai

Da na dawo Gummi daga karatu, ban tabbata har yanzu ana buƙatar dubagari ba. Gani nake ragowar zamanin Turawa ne, mutum cikin kaki yana leƙa randunan jama'a. Ban gama yanke hukunci ba, amma ga abin da na sani game da Makau, dubagarinmu.

Makau ya tsufa yana zaga gidaje. Yakan girgiza taga ya ji ko gara ta ci katakon, ya bi kwata, sannan ya buga dunduniya a kan rufin salga. In azarar ƙarƙashi ta ruɓe, ƙarar takan fito kamar an bugi kifaffiyar ƙwarya.

Wata shekara gab da damina, ya yi sallama a wani gida, aka ce maigidan ya tafi haƙar zinari Bukkuyum. Ba maigida ba shiga, sai ya tsaya a zaure ya tambayi yadda salgar gidan take.

"Lahiya lau take, Malam," in ji wata tsohuwa, Ladi, daga ciki. "Ko so kake ka tsuguna ka gwada?"

Matan suka kwashe da dariya, shi ma ya dara ya wuce. Da ruwa ya kankama, salgar ta rufta da Ladi. Yana cikin waɗanda suka haƙo gawarta. Tun daga nan, in ya ji dariyar mata bayan katanga, sai ya tuna da Ladi.

Bayan shekaru aka kai 'yar farinsa Zuhura, wadda ko sunanta ba ya faɗa, wani tsohon gidan gado a Anka. Uba ba ya taka gidan auren ɗiyarsa, Anka kuma ba yankinsa ba ce. Amma da hadarin farko ya haɗo, abinci ya ƙi ciyuwa. Ya sa kaki ya hau mota.

Mijinta Lirwanu ya durƙusa a zaure. "Baba, lahiya? Ai da aikowa ka yi."

"Ba Babanka ya zo ba. Dubagari na."

Zuhura ta ruga ɗaka ta rufe fuska. Makau ya wuce bai kalli kowa ba, ya hau salga ya buga dunduniya. Rufin garau yake. Ya yi ta bugawa, har uwar Lirwanu ta leƙo ta ce, "Sai ka rusa ta da kanka za ka yarda?" Surukan sun daɗe suna jin haushi, wai ya raina musu gida.

Na tambaye shi ko bayan wannan kunyar ya sake komawa.

"Kowace damina," ya ce. "Ita yarinyar ke aikowa: a gaya wa dubagari ruwa ya sauka."