Ranar da ladabi ya fitar da mu daga gasa

Shekarun baya, wata Juma'a bayan la'asar, abokina ya ɗauke ni zuwa wani filin ƙwallo a Al Rayyan, a ƙasar Larabawan da muke zaune. Malamin kwaleji ne, shi ke horar da ƙungiyar ɗalibanmu 'yan Arewa. Ni kuwa na taɓa aikin rediyo a gida, shi ya sa ya ce in zauna a benci in faɗa masa gaskiya. In suka sha kashi a wasan ranar, sun fita daga gasar kwalejoji, kuma filin atisayen yamma ya koma hannun wasu, su a mayar da su na rana tsaka.

Ban daɗe da zama ba na gano ciwon. Ɗan wasan gabansu babban ɗalibi ne mai furfura a gemu, shi ke jan su salla, kowa Malam yake ce masa. Duk wanda ya samu ƙwallo sai ya ɗaga kai ya nemi Malam. Ɗan gefe ya yanke mutum biyu, raga na kallonsa, ya juyo ya miƙa wa Malam. Abokan karawa suka sa mutum uku suka tsare shi, sauran suka huta.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na yi wa abokina sharhi da muryar labarai: babu sauya ɓangare, babu kora ta gefe, hari duka ya rataya a wuyan mutum guda. A fitar da shi, khalas, shi ke nan.

Ya ce, "Madalla. Ga shi can, je ka gaya masa."

Na tafi da ƙarfin gwiwa. Malam ya riƙe hannuna yana haki, ya tambayi jikin mahaifiyata, ya yi mata doguwar addu'a. Na shafa. Sai na ji bakina yana cewa, "Malam, wasa na kyau, Allah ya ƙara lafiya."

Na dawo wurin abokina. Ruwa kawai ya miƙo min.

Aka cinye mu. A hanyar komawa unguwar Old Airport muka rage wa Malam hanya. A cikin motar ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Yaran nan da girmamawa za su kashe ni. Gwiwata ta daɗe da sallama. Kunya ce ta hana ni cewa a fitar da ni, kuma an rasa mai tausayin da zai faɗa." Ya waiwayo ya dube ni. "Da na hango ka tafe, har na yi hamdala."

Har yau in na ji mai sharhi yana cika baki a rediyo, nakan so in ga yadda zai yi in aka ce je ka gaya masa.

Kakar wasan da ta biyo baya da azahar suka riƙa atisaye. Malam ya koma benci, shi ke raba ruwa.