Matar da Ta Hana a Sake Sukan Baba

Ta ƙofar da ba ta gama rufuwa ba 'yar majinyacin take leƙenta: wata siririyar mata mai furfura a goshi, ta duƙufa kan madubin likita kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Baba yana kwance, an zura masa allura har cikin ƙarin da ya fito masa a bayan tumbi, a gaɓar da likita ya kira fankiriyas. Abin da aka ciro bai kai ɗigon hawaye ba. Shi matar ta shafa a gilashi, ta rina, take dubawa.

Takalminta ya cinye ta gefe guda. Da ganinta, irin matan nan ne da shayinsu kullum sai ya huce. Likita yana tsaye da sabuwar allura, yana jiran ta bakinta, ga jikin tsoho ya riga ya jigata. Ita kuwa ba ta gaggawa.

Can ta ɗago.

"Irin wanda ba a cika gani ba ne, amma wannan ya ishe ni. Ku ƙyale bawan Allah ya huta."

Likita ya ajiye allurar.

'Yar ba ta san sunan matar ba. Ba komai, Wanda za ta roƙa mata ya sani.