Harsasan da Inna Drahuše Ke Warwarewa

Ranar Asabar, bayan an tashi daga filin harbi na ƙungiyarmu, na zauna a bencin tashar bas na buɗe gwangwanin abincina, yawu har ya taru saboda buchta, burodin nan mai zaƙi da matata ta toya. Sai ga kwanson harsasai cike fal, kowanne da ɗigon jan farce a gindi. Ashe gwangwanin Kawu Vlastimil, dattijon ƙungiyarmu, na sungumo. Shi kuwa na san tuni ya tashi da buchtata, don ba ya tambayar abinci daga ina ya fito.

Jan farcen nan aikin matarsa ne, Inna Drahuše, don a gane nasa. A wajenmu kowa tsince kwansonsa yake ya kai gida ya sake cikawa, kuma ba mai harba harsashin da wani ya cika, ko da ubansa ne. Ita ba ta taɓa riƙe libarba ba. Ta yi ritaya daga girkin makarantar firamare, ta aurar da 'ya'ya, gwiwoyinta sun kumbura, amma duk gasar da mijinta ya je tun suna matasa tana bayansa da kujerar naɗewa da auduga a kunne.

Da la'asar na kai gwangwanin. Kawu na barci. Daga rumfar bayan gida na ji ƙwas, ƙwas, kamar ana fasa gyaɗa.

Na leƙa. Inna ce zaune a teburin mijinta, tana buga 'yar gudumar roba da ake zare kan harsashi da ita. Ta zare dalmar, ta juye albarushin a sikeli, ta duba, ta ɗauki na gaba.

"Inna, sannu da ɓarna. Mutum ya gina da safe, ke ki rushe da yamma?"

"Rufe ƙofa, Radim. Bakin ma ka rufe, in yana rufuwa."

Ta miƙo mini sikelin in gani. Allurar ta wuce inda ya kamata ta tsaya da nisa. Awo biyu a kwanso ɗaya. Irin wannan ne ke tarwatsa bindiga ya tafi da yatsun mai ita. Ta nuna wani a gefe, shi ko ƙwayar albarushi babu. Wannan kuma dalmar ce za ta maƙale a bututun bindiga, ta bayanta ta zo ta same ta.

Tun kakar bara abin ya fara, in ji ta. Hannun Kawu lafiya lau, idonsa ma haka, har yanzu yana kunyata samari a gaban allon harbi. Amma in ya zauna cikawa, sai ya ɗaga kai ya kalli taga, ya dawo bai san ko ya zuba ko bai zuba ba. Mutumin da ya koya wa rabin ƙungiya cewa gwangwanin albarushi ɗaya tak ake ajiyewa a tebur, kuma a haska fitila a leƙa kowane kwanso kafin a ɗora dalma. Shi ne yau ke zubawa sau biyu yana fito.

Saboda haka kullum in ya kwanta, sai ta warware duk abin da ya cika, ta auna bisa littafin kamfani da shi kansa yake bi, ta sake haɗawa, ta jera yadda ya bari. Ya farka ya shafa su yana cewa hannun tsoho bai mutu ba.

"Ashe kofin da ya ciyo a gasar garin Olomouc naki ne. Bari in sa a kankare sunansa."

Ba ta yi dariya ba. Ta murza wuyan hannunta, wanda ta ɗaure da tsumma.

"Jiya barci ya ɗauke ni a kujerar nan," ta ce. "Na farka ban san inda na tsaya ba. Sai da na koma farko."

Nan wasa ya fita daga kaina. In ita ma ta fara ɓata lissafi, ba sauran mai tsaron yatsun Kawu, da na wanda ke tsaye kusa da shi a layi, wanda sau da yawa ni ne.

"To a saya masa na kanti mana."

"Ka taɓa ganin ya harba na kanti? Cewa zai yi an mai da shi yaro."

"Inna, ƙungiya fa ba za ta yi shiru ba in ta ji."

"Na sani. Albarushin na riga na ce ɗanmu ya zo ya kwashe ranar Lahadi. Waɗannan ne na ƙarshe." Ta kalli ƙofar gidan, inda minsharinsa ke fitowa. "Saura faɗa masa."

"Bar mini wannan. Zan shigo da kwalbar giyar slivovice, in ja shi da raha, kafin ya ankara ya yarda. Ai kin san bakina."

Ta ɗora gudumar a tafin hannuna, ta turo mini sauran tiren.

"Na san shi, shi ya sa. Mutumin da na wanke wa safa tun kana rarrafe ba a bakin ɗan wasa zai ji cewa ya ƙare ba. Zauna ka yi ta bugu, ni zan je in tashe shi."