Gurbin 'Yar Direba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zama a kujerar da ke bayan Sai-a-Hankali, har ta kai na fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa. Shi ne direban bas ɗin sashenmu. Aikin sashen namu a jami'a guda ɗaya ne: mu bi makarantun sakandare muna yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin yadda ake neman gurbin karatu. Mu uku ke fita. Malamin da muke kira Dakta ke yin jawabi, ni ke raba takardu da kunna majigi, shi kuma ya kai mu ya dawo da mu. Tuƙinsa ne ya jawo masa sunan, don ko kuka za ka yi masa ba zai wuce sittin ba. Masu babur ɗauke da buhuna sun sha wuce mu suna ɗaga mana hannu.

A aji huɗu na firamare ya tsaya, shekarar da mahaifinsa ya rasu. Daga nan ya faɗa tasha, ya yi lodi, ya ja babbar mota har bayansa ya fara ciwo, sannan Allah ya ba shi aikin jami'a. Tsabtarsa har ta yi yawa. Tawul ɗin sitiyari daban, na madubi daban, kuma in ka ci gyaɗa a motarsa da ɓawonka za ka fita a aljihu. 'Ya'yansa biyar. Huɗun farko kowa ya kama gabansa ba tare da ya leƙa jami'a ba. Sai Auta, wadda tun tana ƙarama malamai ke aiko masa cewa ya riƙe yarinyar nan da kyau.

Ya kuwa riƙe ta. Jawabin Dakta ya haddace shi tsaf, in ana yi za ka ga leɓɓansa na motsi a bakin ƙofa. In ya koma gida sai ya juye wa Auta: a zaɓi darussan da suka dace da kwas ɗin da ake so, sunan da ke takardar haihuwa ya zo daidai da na takardar jarrabawa, kada a bar mai shagon kwamfuta ya sa lambar wayarsa a madadin taka. Ita karatun harhaɗa magunguna take so, kwas ɗin da mutum ɗari ke rububin kujera goma. Amma shi hankalinsa kwance, saboda jami'ar tana ware wasu gurabe ga 'ya'yan ma'aikata, ana sassauta musu maki. Abu biyu kawai za ka yi. A fom akwai wani ɗan akwati da ake tambaya ko iyayenka na aiki a jami'ar, ka ce e. Sannan ka haɗa da takarda mai sa hannun shugaban sashen da mahaifin naka yake. Shugaban sashen nan Dakta ne. Dole kuma uban ya kasance yana bakin aiki, shi ko Sai-a-Hankali shekarar da Auta za ta gama ita ce shekararsa ta ƙarshe.

To, bari in faɗi abin da ake yi da shi a gaban yara, don ni ma da hannuna a ciki. Dakta mutum ne da ba ya iya jure zaure ya yi masa shiru. Wata rana, shekarun baya, majigi ya ƙi kamawa, yara suka fara hamma, sai ga Sai-a-Hankali ya shigo rungume da kwalin takardu. Dakta ya dube shi yadda mai jin yunwa ke duban kwano.

"Direba, ajiye kwalin ka zo nan. Aji nawa ka tsaya a makaranta?"

"Aji huɗu, ranka ya daɗe."

"Na sakandare?"

"Na firamare."

"In muna tafiya, ni ina nake zama?"

"A baya, ranka ya daɗe."

"Ina yin me?"

"Kana barci."

Zauren ya kece da dariya. Dakta ya karɓi makullin motar, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya sake shi ƙasa, ya ce, "Ɗauko." Mutumin da ya girme shi da shekara goma sha biyar ya dafa gwiwa ya sunkuya. Dakta ya juya ga yaran ya ce, "To kun gani. Akwai mai yarwa, akwai mai sunkuyawa. Fom ɗin nan shi zai raba ku." Aka yi ta tafi har da buga tebur. Ni ma na yi dariya, ba zan yi ƙarya ba, har sai da na goge ido da gefen mayafi.

Daga ranar abin ya shiga cikin jawabi, ya zauna daram tsakanin bayanin maki da lokacin tambayoyi. Shugabannin makarantu ma har tambaya suke yi, "Dakta, ka zo mana da direban naka?" Wani lokacin Dakta ya miƙa masa takardar Turanci ya ce ya karanta, ya bar shi yana ta in'ina har sai yara sun gaji da dariya. Sau ɗaya na tambaye shi, muna jiran Dakta ya gama gaisawa da mutane, na ce, "Baba, wai abin nan ba ya ci maka rai?" Ya ci gaba da goge madubinsa ya ce, "Malama, sa hannunsa nake jira. In dai Auta za ta shiga, ya jefa makullin a rijiya ma zan bi shi." A gida kuwa abin da yake faɗa shi ne Dakta ba ya rufe taro sai ya kira shi gaba. Ba ƙarya ya yi ba. Auta ta ɗauka ta kai wa ƙawayenta cewa babanta na cikin masu jawabi.

Ranar da na manna jadawalin zango na biyu a allon ofis, na ga Sai-a-Hankali ya daɗe tsaye a gabansa yana bin layi da yatsa. Sunan makarantar Auta dai ya iya karanta shi. Ya nemi a musanya shi da wani direba, aka ce motar wancan tana gareji. Da safen ranar ya tari Dakta a wajen ajiye motoci, ya cire hula, ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. Makarantar yau, 'yata tana ciki. In da hali, yau ɗaya a bar maganar makullin nan."

Dakta ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Direba, sai ka ce ba ni da 'ya'ya? Kwantar da hankalinka."

Makarantar 'yan mata ce, zauren taron kuma rufin kwano ne, fanka biyu ke aiki cikin shida. Yara kusan ɗari uku sun zauna a benci suna fifita da littafi. Dakta ya yi bayanin maki, ya yi na zaɓen kwas, ya saki barkwancinsa guda biyu, babu wanda ya kama. Wata malama a gefe har gyangyaɗi ta fara. Na ga Dakta ya fara shafa wuya yana waige-waige, ni kuwa na san wannan waigen. Sai-a-Hankali ya ƙi shigowa, ya tsaya can wajen taga inda yake hango Auta a layi na uku.

"Ina direbana? Ku kira min shi."

Ya shigo yana jan ƙafa. Aka yi aji huɗu, aka yi barci a baya, zauren ya farka. Na ɗauka a nan zai tsaya. Ina! Dakta ya ji daɗin dariyar, ya gyara tsayuwa ya ce, "Yau abin ya zo daidai, an ce min 'yarsa tana cikinku. Ina 'yar Direba?" Ba ta motsa ba. Ƙawayenta ne suka juya gaba ɗaya suna kallonta, har da masu nunawa da biro. Ta miƙe a hankali, siririya, rigar makarantarta a goge kamar ta ubanta. Dakta ya sa aka kai mata makirufo.

"Dubi babanki da kyau, 'yan mata. Kina so rayuwarki ta zama irin tasa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ba mu ji ba. Kina so?"

"A'a."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"A'a!"

Sannan ya saki makullin. Ya faɗi ya gangara ƙarƙashin teburin manyan baƙi, dole Sai-a-Hankali ya durƙusa da gwiwa biyu ya zura hannu tsakanin takalman mutane. Auta tana tsaye da makirufo a hannu, babu wanda ya tuna ya ce ta zauna. Na tsani Dakta a wannan lokacin, na kuma tsani kaina, don duk abin da na iya yi shi ne na duƙar da kai ina jera takardun da suke a jere.

A hanyar dawowa Dakta cike yake da nishaɗi. Ya ciro takardar 'ya'yan ma'aikata daga jakarsa, ya ɗora a gwiwa ya sa hannu, ya miƙa ta gaba ta saman kafaɗar direban. "Ungo. Ka ga yanzu ba za ta taɓa wasa da karatu ba. Wata rana gode min za ka yi." Sai-a-Hankali ya karɓa da hannu ɗaya, ɗayan na kan sitiyari, ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara girma."

Wata malama a makarantar, ƙawar ƙanwata, ita ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Duk inda Auta ta bi sai wata ta yar da biro a gabanta ta ce, "Ɗauko." Haka ta ƙarasa zangon. A gida ba ta taɓa tayar wa babanta da maganar ba. Tana gaishe shi, tana kai masa ruwa, ya ce min har ya fara tunanin abin bai dame ta ba. Ranar cika fom ya sa takardar a ambulan sabo ya ba ta, ya so ya raka ta shagon kwamfuta, ta ce ya yi zamansa, ai ya koya mata komai.

Da jerin sunaye ya fito, babu nata. Makinta ya gaza na gama-gari da uku kacal, amma ya haura na 'ya'yan ma'aikata da nisa. Sai-a-Hankali ya zo ofis ɗina hula a karkace, abin da ban taɓa gani ba, yana cewa an yi kuskure, a taimaka a duba. Na je ofishin ɗaukar ɗalibai na roƙi wata ƙawata ta buga min fom ɗin. Tun a matakala na ga inda matsalar take. Na dawo na same shi tsaye inda na bar shi, ya ce, "Malama, karanta min, idona ba ya gani sosai." Na karanta masa tambayar, ko mahaifinki ko mahaifiyarki na aiki a wannan jami'a. Na karanta masa amsar da ke cikin akwatin, a'a. Ya ce in sake. Na sake. Ya ce lallai mai shagon nan ne, ai Dakta kullum yana faɗa, ba su da kula.

Washegari na tarar da shi zaune a bas, ƙofa a buɗe, tawul a cinya ba ya goge komai. Bai jira na tambaya ba.

"Ba mai shagon ba ne, Malama. Auta ta ce sau biyu ya tambaye ta, sau biyu ta ce ya sa a'a. Wai ta ɗauka makinta zai isa. Ta ce, 'Baba, ka yafe min, ba zan iya shiga wurin nan a matsayin 'yar Direba ba.'" Ya ciro ambulan daga aljihun gaba ya nuna min, ko buɗe shi ba a yi ba. "Kada ki faɗa wa kowa. A bar shi a kan kuskure ne."

Ni da shegen son gyara, sai na wuce wurin Dakta. Ban faɗa masa gaskiyar ba, na ce yarinyar ta yi kuskure a akwati ɗaya, ko zai sa baki a buɗe mata. Ya ce an rufe, doka doka ce, ta sake nema baɗi. Na tuna masa cewa baɗi ubanta ya ajiye aiki, babu sauran gurbi. Ya ce, "Ayya." Sai kuma ya ɗago kai, idonsa ya yi haske. "Akwati ɗaya kika ce? Da takardata a hannunta?" Ya jawo biro ya yi ɗan rubutu a gefen takardar jawabinsa.

Ranar Litinin muka je wata makarantar maza a bayan gari. Saura wata biyar Sai-a-Hankali ya ajiye aiki, ba shi da bakin cewa ba zai shiga zauren ba. Da aka zo wurin maganar makulli, Dakta ya kira shi gaba ya tsayar da shi kusa da allon majigi.

"Yau labari zan ba ku, na gaske, ga shaida a tsaye. Mutumin nan yana da 'ya. Jami'a ta ware mata gurbi, ni da hannuna na sa mata hannu. Abin da ya rage mata kawai ta duba akwati ɗaya ta ce e. Shekara goma sha ɗaya ubanta na jin jawabin nan, amma ta je ta sa a'a. Yanzu tana gida tana wanke-wanke. Abin a jini yake, in ba ku kula ba." Ya kai makirufo bakin direban. "Ko ba haka aka yi ba, Direba?"

Sai-a-Hankali ya dubi yaran.

"Haka aka yi, ranka ya daɗe. Ba ta kula ba ne."

Dakta ya ce kowa ya rubuta, a duba kowane akwati sau biyu. Yara ɗari biyu suka sunkuyar da kai suna rubutawa.