Jitar da Na Zaɓo wa Auta

Mu biyu ne maza a gidanmu, ni da Auta, tsakaninmu shekara tara. Ni aka kai boko, na fito na zama akawu a ofishin ilimi na Keffi. Shi kuwa hannun Baba ya ɗauko. Baba goge yake haɗawa a Angwan Iya, yana kuma kaɗawa, Auta ya tashi da wannan kunnen. Da ya girma sai ya ajiye goge ya kama jitar lantarki a wani otal na Sabon Gari. Lokacin ba a daɗe da gama yaƙi ba, naira ta shigo, kuɗin mai ya fara yawo, kowane mai otal yana so a ce yana da makaɗa.

Ban taɓa shiga otal ɗin don in saurare shi ba, kada in yi ƙarya. Ina akawun gwamnati, me zai kai ni? Amma in suna gwaji da la'asar ana jiyo su har bakin titi, kuma ba ka bukatar a gaya maka wacce ce jitar Auta. Zai danne waya da yatsan hagu ya riƙa girgiza ta, sautin ya yi ta karkarwa kamar kukan goge. Direbobin manyan motoci sukan kashe inji su saurara. Don wannan karkarwar kaɗai mai otal yake riƙe da shi, domin masu kaɗa jita haka kawai sun cika gari.

Wata rana yana taya su tayar da janareto, bel ya kama masa hannun hagu. Aka kai shi wurin mai ɗori a unguwar Yara. Ƙashi ya haɗu, amma yatsan tsakiya da mai bi masa suka warke a sandare. Yana iya danne waya, ba ya iya girgiza ta. Mai otal ya miƙa jitar ga wani, shi kuma aka ba shi gora mai tsakuwa yana kaɗawa daga baya. Ya kuma faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in kukan nan ya dawo kafin Kirsimeti, wurinsa na nan, in bai dawo ba ya nemi gaba, shi ba ya ciyar da ƙato don kaɗa gora.

Ranar wata Asabar da hantsi ya zo wurina, ya durƙusa ya gaishe ni, ya kwance wani tsumma. Wani farin ƙarfe ne a ciki, faɗinsa kamar tafin hannu, da hujoji huɗu na sukuru, da sifirin, da wani siririn mariƙi kamar na ludayi. Ya ce wani makaɗi ɗan Gana da ya ratso garin ne ya ciro daga matacciyar jitarsa ya ba shi don tausayi. Ana ɗaure shi a gindin jita, wayoyin su bi ta kansa. In ka taɓa mariƙin da hannun dama, wayoyin su saki su kama, su saki su kama, sautin ya yi karkarwa. Ƙarfen karkarwa yake ce masa.

"Ka ga, Yaya, aikin da hagu ta kasa, dama za ta yi."

"To me ya hana ka ɗaurawa?"

Mai otal ne ya ce ba wanda zai huda masa jita. Sai dai Auta ya samu tasa ta kansa, kuma a Keffi babu mai sayarwa, sai Jos. Ni kuwa duk wata motar ofis na kai ni Jos da takardu. Motar ba ta ɗaukar wanda ba ma'aikaci ba, shi kuma yana tsoron ya yi kwana biyu ba a gan shi ba a karɓe ko gorar.

Shekarar an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kaina yana hayaƙi. Na ce ya bar zancen, ni zan saya masa, kyauta. Wallahi har ƙwalla ya yi. Sai ya ɗauko kwalin sukari, ya ɗora ƙarfen a kai, ya zagaye shi da fensirina, ya yanke da reza. Ƙarfen kansa kuwa ya ce ba zai ba ni in tafi da shi ba, gudun ɓata. Ya miƙo min kwalin da hannu biyu.

"Yaya, a ɗora wannan a fuskar jitar, can ƙasa. In ya kwanta lif, ita ce. Mai shafaffiyar fuska, wadda katakonta yake cike, ba rami a ciki."

Na ce na ji. Ya sake maimaitawa. Na ce kai, ni fa na riga ka ganin kayan kiɗa a duniya.

Muka bi ta Akwanga muka hau dutse, na sauke takardun gwamnati, na nemi shagon. Jitar lantarki biyu ce rataye a bango. Ɗaya ja ce, siririya, shafaffiya kamar allo. Ɗayar babba ce, ruwan zuma, gefenta baƙi, fuskarta ta ɗan taso, da tsaga biyu masu lanƙwasa da kake hango duhun cikinta ta nan. Tun daga ƙofa idona ya zauna a kanta.

A nan ne ilimina ya tashi. Ina yaro ni ke bin Baba kasuwa zaɓen ƙwaryar goge. Zai ɗaga ƙwarya ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya kara kunne. Wadda ta amsa ya saya, wadda ta yi gum ya ajiye, ya ce wannan ta fura ce. Abu ɗaya kenan da na gada a sana'ar gidanmu, kuma ina ji da shi. Na sa aka sauko da ja, na ƙwanƙwasa. Gum, sai ka ce ƙyauren ɗaki. Na ƙwanƙwasa babbar, ta amsa min har cikin ƙirji. Na ce a raina, goge ciki gare shi, garaya ciki, gurmi ciki, kalangu ciki. Wane irin abin kiɗa ne ba ciki? Yaron nan Turawa sun ruɗe shi, yana so in sayo masa katakon yanka nama.

Duk da haka na fito da kwalin, don kada a ce ban bi umarni ba. A kan ja ya kwanta da kansa. A kan babbar gefe biyu suka ɗaga, har kana iya zura tsinke. Na sa babban yatsa na danna, ya kwanta. Kwali ai ba ya musu.

Mai shagon ya tambaye ni da gurɓatacciyar Hausarsa me zan ɗaura. Na kwatanta masa. Ya girgiza kai, ya nuna ja, ya ce irin wannan ƙarfen wancan yake so, ita babbar nata daban ne, a gefe ake kama shi, don fuskarta ba kauri. Na dube shi sama da ƙasa. Na ce a raina so yake ya kakaba min wadda ta ƙi sayuwa. Na ce masa ubana goge yake haɗawa tun kafin a haife shi, ya naɗe min babbar. Ya ɗaga kafaɗa ya naɗe.

Da na dawo, gidanmu ya cika. Maƙwabta suka shigo kallo, mata na leƙe, ana ta sa min albarka, wai kowa ya samu wa irina ya gode Allah. Auta ya kwance naɗin. Na ga fuskarsa. Ya shafa tafin hannunsa a kan tudun jitar, ya kai ya komo, ya leƙa tsagar. Sannan murya ƙasa-ƙasa ya ce,

"Yaya, babu mai shafaffiyar fuskar ne?"

Raina ya ɓaci nan take. A gaban mutane! Na ce akwai, na gan ta, na ƙwanƙwasa ta, kurma ce. Na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Innarmu tana zaune a bakin ɗaki ta ce, "Auta, godiya ake yi. Ba a mayar da hannun kyauta baya." Ya durƙusa ya ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. Shi kenan maganar da ya yi. A gidanmu ƙane ba ya ce wa wansa ya yi kuskure, balle a kan abin da aka ba shi kyauta, balle uwa ta sa baki.

Washegari ya ce ko a kai wa wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya duba tukuna. Na ce sukuru huɗu ne za a kai wa mai gyara? Na aro abin huda katako a wurin kafintan ofis. Muka zauna a zaure da rana tsaka, na sa shi ya riƙe jitar a cinyarsa. Shi ya riƙe, da hannun nan nasa, ni ina huda. Bakin abin hudar bai yi juyi uku ba ya faɗa cikin rami, domin katakon bai fi kaurin faranti ba. Na ji Auta ya ja numfashi. Na ce kada ya motsa.

Muka ɗora ƙarfen. Tsakiyarsa ta zauna a kan tudu, gefe da gefe suna lilo. Ƙarfe ba kwali ba ne, na danna ya ƙi. Maimakon in tsaya, sai na yanko guntun fata na cusa a ƙarƙashi, irin yadda Baba yake yi wa jakin goge, ɗan abin da tsirkiya ke hawa, in ya yi rawa, na bi sukurorin na ɗaure tamau. Na ɗaure na farko, na biyu, a na uku na ji wani ɗan ƙas. Na ce katako ne yake zama. Auta ya ɗaura wayoyi a hankali, ya daidaita su, bai taɓa mariƙin ba. Na ce ya gwada mana. Ya ce gara a bar shi ya huta sai ranar da zai gwada a gaban mai otal. Yanzu na gane, ya san sau ɗaya ko biyu abin zai ɗauka, shi ya sa yake tattalinsa.

Ranar gwajin, saura mako guda Kirsimeti, na tashi daga ofis da wuri na tafi otal ɗin. Ranar na fara taka ƙofarsa. Na tsaya daga bakin ƙofa da rigar aiki da biro a aljihu, kuma gaskiyar magana yabo na je karɓa. La'asar ce, kujeru a kife a kan tebura, mai otal yana zaune shi kaɗai da hannu a ƙirji. Aka haɗa jitar da lasifika. Masu ganga suka ɗauka, Auta ya shiga.

Ya yi ta kaɗawa yana kewaye-kewaye, bai taɓa mariƙin ba, har mai otal ya fara duba agogo. Sannan ya danne waya ɗaya, ya kai ɗan yatsan dama ya taɓa. Kukan ya fito. Wallahi ya fito, shi ne, na da, har tsigar jikina ta tashi. Mai ganga ya yi ihu. Mai otal ya sauke hannu ya gyara zama. Na ga Auta ya rufe ido, bakinsa ya ɗan buɗe, rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin janareto.

Ya sake taɓawa. Lasifikar ta yi wata ƙara kamar an karya itace. Sukurori biyu suka tumɓuke da naman katakon, fuskar jitar ta tsage har zuwa tsagar gefe, wayoyin shida suka zube. Ƙarfen kuwa ya rabe biyu daidai hujin da na fi ɗaurewa, sifirin ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin tebur. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Auta ya durƙusa yana laluben sifirin. Mai otal ya miƙe ya ce, "Sannu, Allah ya sa haka ya fi alheri," ya shige ciki. Ni kuwa na juya na fita, ko sallama ban yi wa ƙanena ba. Kunya ce ta kore ni, kuma har yau ina jin kunyar wannan fitar fiye da ta huda jitar.

Na kai ƙarfen wurin masu walda uku. Kowa ya juya shi ya ce irin na tukunyar zuba ne, wutarsu ba ta kama shi. Da na koma Jos na shiga shagon, ja tana nan a rataye. Na tambayi ƙarfen, mai shagon ya ce bai taɓa sayar da irinsa ba, bai kuma san mai sayarwa ba. Bai ce min ai na gaya maka ba, ya dai ci gaba da goge kantarsa.

Na dawo ina jiran Auta ya zo ya zage ni. Na shirya, na ce ko marina ya yi ba zan ɗaga hannu ba. Bayan sabuwar shekara ya zo da sassafe, ya durƙusa inda ya saba, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiyar hanya. Ya sake yin godiyar jitar. Na buɗe baki in ce ya yafe min, girman kai ya hana ni, na tsaya ina gyaran murya. Sai ya ce,

"Yaya, na ji an ce ana neman masinja a ofishinku."

Na sama masa aikin, ba wuya, magana ɗaya na yi. Aka ba shi kaki da keke. Tebur ɗina aka haɗa shi da shi. Tun daga ranar har na yi ritaya, kowace safiya shi ke kawo min fayil, ya ajiye da hannun dama, na hagun a bayansa. A ofis ba a cewa Yaya. Sai ya ja da baya taku ɗaya ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani aike?"